Shin za a iya barin kwamfutar jirgin sama ta riƙa koyon tuƙi alhali fasinjoji na ciki?

A ranar 28 ga Nuwamban 2025 kamfanin Airbus ya buƙaci a gaggauta sauya manhajar wata kwamfuta a jirage kusan 6,000 na dangin A320, kuma hukumar kula da lafiyar sufurin sama ta Turai, EASA, ta mayar da hakan wajibi. Musabbabin shi ne abin da ya samu wani jirgin JetBlue a ranar 30 ga Oktoba, wanda ya taso daga Cancun ta Mexico zai je Newark ta Amurka. Yana tsakiyar tafiya ya sunkuyar da kai ƙasa ba tare da matuƙansa sun umarce shi ba, fasinjoji suka ji raunuka, aka karkatar da shi zuwa Tampa. Airbus ya ce bincikensa ya nuna cewa haskoki masu ƙarfi da ke fitowa daga rana na iya gurɓata bayanan da kwamfutar ke aiki da su.

Ga mafi yawan jiragen, maganin bai wuce aikin 'yan sa'o'i ba. An mayar da su kan tsohuwar manhaja, suka ci gaba da jigila.

Lamarin ya tuna wa matafiya wani abu da ba a cika faɗa musu ba. A jirgi irin A320, hannun matuƙi ba ya isa ga fuffuke kai tsaye. Matuƙi yana miƙa buƙata ne, kwamfuta kuma ta yanke yadda za a biya ta, bisa ƙa'idojin da injiniyoyi suka rubuta a ƙasa shekaru kafin tashin jirgin. To idan jirgin ya shiga halin da ba a rubuta ba fa? Kusan shekara 70 ke nan masana na jayayya kan ko ya kamata a bar kwamfutar ta riƙa gyara ƙa'idojinta da kanta a sararin sama. Fannin da ke nazarin wannan shi ne na tsarin sarrafawa mai daidaita kansa.

Abin da ya sa lissafin ƙasa ba ya isa

Duk na'urar sarrafawa abu uku take maimaitawa: ta auna abin da ke faruwa, ta kwatanta da abin da ake so, ta gyara bambancin. Mace mai ɗauke da tulun ruwa a ka haka take yi. Tulun ya ɗan karkata, wuyanta ya ji, ta ɗan gyara, sau ba adadi kafin ta isa gida.

Kafin na'ura ta iya wannan, sai an ba ta lissafin da ke bayyana halin jirgin: idan an motsa wutsiya kaza, hanci zai ɗaga kaza. Matsala biyu ce ke damun wannan lissafin.

Ta farko rashin tabbas. Nauyin jirgi na raguwa yayin da yake shan mai, ƙanƙara na iya daskarewa a fuffuke ta sauya siffarsa, iska na iya bugowa ta inda ba a zata ba. Ta biyu ta fi wuya, domin martanin jirgi ba ya tafiya daidai wa daida da abin da aka yi masa. Ɗaga hancin jirgi na ƙara ƙarfin da ke ɗauke shi sama, amma zuwa wani mataki ne kawai, wajen digiri 15 a fuka-fukai da dama. Da an ƙetare nan, iska ta daina bin bayan fuffuken yadda ya kamata, sai ƙarin ɗagawa ya zama sanadin faɗowa. Matakin da ya taimaka daƙiƙa ɗaya da ta wuce, shi ne zai yi kisa yanzu.

Hanyar da masana'antar ta runguma tun shekarun 1960 ita ce ta jadawali. Ana gwada jirgi a tsawo daban-daban da gudu daban-daban, a rubuta ƙarfin martanin da ya dace da kowane, kwamfuta kuma ta riƙa duba jadawalin tana zaɓa. Hanya ce mai kyau, kuma tana da kaso babba a dalilan da suka sa tafiya a jirgi ta fi tafiya a mota aminci nesa ba kusa ba. Sharaɗinta ɗaya ne: jirgin ya ci gaba da zama jirgin da aka rubuta a jadawalin.

A ranar 19 ga Yulin 1989 wannan sharaɗin ya rushe wa wani jirgin United Airlines samfurin DC-10 da ya taso daga Denver. Injinsa na wutsiya ya tarwatse, ɓaraguzan suka huda dukkan layuka uku na man da ke motsa fuka-fukai da wutsiya. Sitiyari ya zama hoto. Kyaftin Al Haynes da abokan aikinsa, tare da wani mai horar da matuƙa mai suna Dennis Fitch da ya shigo a matsayin fasinja, suka gano cewa za su iya juya jirgin ta hanyar ƙara wa inji ɗaya wuta su rage wa ɗayan. A haka suka lallaɓa shi zuwa Sioux City. Jirgin ya kife wajen sauka, amma mutum 184 daga cikin 296 sun rayu. A Nuwamban 2003 wasu ma'aikata uku na wani jirgin kaya na DHL da aka harba wa makami mai linzami a Bagadaza sun yi amfani da wannan dabarar, suka sauka dukkansu da rai.

Babu littafin da ya koya wa mutanen nan tuƙa irin jirgin da ya rage a hannunsu. Sun gwada, sun ga martani, sun gyara fahimtarsu, cikin mintoci. Wannan baiwar ce ake son sanya wa na'ura.

Dabarar da aka fi sani ta fito ne daga jami'ar MIT a 1958, a hannun Philip Whitaker da abokan aikinsa. Ana ajiye wani jirgi na lissafi a cikin kwamfuta, wanda ke nuna yadda lafiyayyen jirgi zai amsa umarnin matuƙi. Duk lokacin da jirgin gaske ya saɓa wa na lissafi, na'urar ba ta tsaya ga gyara kuskuren kaɗai ba, har ƙa'idar da take gyaran da ita take sauyawa, har sai biyun sun daidaita.

Hatsarin da ya daƙile fannin

An yi saurin kai dabarar sama, tun kafin a samu hujjar lissafi da ke tabbatar da cewa ba za ta ƙwace ba. Ɗaya daga cikin jirage uku na gwaji na Amurka masu suna X-15 ya samu na'ura mai daidaita kanta ta kamfanin Honeywell, MH-96. Jirgi ne mai injin roka da ke haurawa har inda iska ta kusa ƙarewa, sannan ya dawo cikin iska mai kauri cikin 'yan mintoci. Salon na'urar shi ne ta yi ta ƙara ƙarfin martaninta har sai ta ji jirgin ya fara rawa, sai ta ɗan rage. Wato kullum a bakin gaɓa take zaune. Ta yi tashi fiye da 60 a haka, matuƙa kuma suna yaba ta.

A ranar 15 ga Nuwamban 1967 Manjo Michael Adams ya kai tsawon ƙafa 266,000, kimanin kilomita 81. An samu tangarɗar lantarki a jirgin, hancinsa ya kauce daga hanya, ya shiga juyi yana gudun da ya ninka na sauti sau biyar. Ya fita daga juyin, amma da ya shigo iska mai kauri, lokacin da ya kamata na'urar ta rage ƙarfinta, ba ta rage ba. Ta yi ta kaɗa wutsiya sama da ƙasa iyakar ƙarfinta har jirgin ya wargaje a sararin California. Adams ne kaɗai ya rasa ransa a tashi 199 da aka yi a shirin.

Binciken bai ɗora wa na'urar laifin duka ba, domin akwai matsalar lantarki da kuma ruɗewar da ta samu matuƙin. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Masu ƙera jirage suka koma kan jadawali, suka bar wa malaman jami'a sauran aikin.

Malaman sun koma ga aikin wani masanin lissafi ɗan Rasha, Aleksandr Lyapunov, na 1892. Tunaninsa mai sauƙin fahimta ne. Idan ka jefa tsakuwa a cikin ƙwarya, ba sai ka san hanyar da za ta bi ba kafin ka tabbatar cewa a gindin ƙwaryar za ta tsaya. Idan za ka iya samun wani adadi da ke auna girman kuskure, ka kuma nuna cewa ba ya taɓa ƙaruwa, to ka tabbatar da tsarin ba zai ƙwace ba. A 1966 Patrick Parks na Birtaniya ya nuna yadda za a gina ƙa'idar koyon na'urar a kan wannan tushe, kuma zuwa 1980 an samu cikakkun hujjoji.

Murnar ba ta daɗe ba. A farkon shekarun 1980 wani ɗalibin digiri na uku a MIT, Charles Rohrs, ya nuna cewa hujjojin sun ginu ne a kan zaton cewa an san siffar lissafin jirgin gaba ɗaya, lambobi kawai suka rage. Da ya saka ɗan ƙaramin hali da ba a lissafa ba, tare da ɗan hayaniyar na'urar awo, sai lambobin da na'urar ke koyo suka yi ta sulalewa a hankali, komai na tafiya lafiya a ido, kwatsam tsarin ya hargitse.

Akwai wani abin mamaki a nan. Na'ura irin wannan ba ta koyon gaskiya sai ana girgiza abin da take sarrafawa ta fuskoki daban-daban. Jirgin da ke tafiya lami lafiya bai ba ta abin koyo ba, don haka sai ta fara ɗaukar darasi daga hayaniya. Babu kuma kamfanin da zai yarda a riƙa jijjiga fasinjoji domin kwamfuta ta ƙaru da ilimi.

Gyare-gyaren da suka biyo baya, na su Petros Ioannou da Petar Kokotovic da Kumpati Narendra da Anuradha Annaswamy, kusan duk takunkumi ne: a riƙa jawo lambobin baya idan sun yi nisa, a hana koyo idan kuskuren bai taka kara ya karya ba, a kafa iyakar da ba za a ƙetare ba. A 2010 Annaswamy da abokan aikinta biyu suka sake gina tashin Adams a kwamfuta, suka nuna cewa na'ura ta zamani da aka gina bisa hanyar Lyapunov ta riƙe jirgin a yanayin da tsohuwar ta gaza. Gwajin kwamfuta ne, amma ya nuna nisan da aka yi.

Inda ake amfani da ita a yau

Fasahar ba a littafi ta tsaya ba. Tun shekarun 1970, bayan aikin Karl Astrom da Bjorn Wittenmark a Sweden, ana amfani da na'urori masu saita kansu a masana'antun takarda da kuma tuƙin manyan jiragen ruwa. Boeing ya saka ta a wasu bama-bamansa masu linzami na JDAM. A 2015 an gwada wani salo da ake kira L1, na Naira Hovakimyan da Chengyu Cao, a wani jirgin Learjet a sansanin Edwards, da matuƙan gwaji a ciki. A 2022 masu bincike a Caltech suka nuna wani ƙaramin jirgi maras matuƙi da aka horar da bayanan tashi na minti 12 kacal, yana riƙe hanyarsa a iskar da ta haura kilomita 40 a sa'a.

Misalin da ya fi koyar da darasi shi ne rokar SLS ta hukumar NASA, wadda ta fara tashi a ranar 16 ga Nuwamban 2022 a shirin Artemis. Roka doguwa ce mai lanƙwasa, cike da mai mai kai-komo a tanki kamar tankar da ba ta cika ba a kan hanya mai kwana, kuma nauyinta na zubewa cikin mintoci. Duk da haka NASA ba ta miƙa wa na'ura mai koyo ragamar ba. Tsohon tsari na jadawali ne ke tuƙi. Na'urar mai daidaita kanta tana gefe, ba ta yin komai muddin tafiya na bisa tsari. Idan rokar ta yi sanyin amsawa sai ta ƙara ƙarfin martani, idan ta ji rawa ta fara sai ta rage, kuma duk cikin iyakar da aka gindaya mata. Sai da aka gwada manhajar a jirgin yaƙi F/A-18 a 2013, shekara tara kafin ta hau roka.

Duba jerin da kyau: bam, jirgin ruwa, jirgin gwaji, roka. Babu jirgin fasinja na kasuwanci.

A nan gizo ke saƙar

Abin da ya hana shi ne tantancewa. Ƙa'idar da hukumomin Amurka da Turai ke bi ita ce duk wata matsala da za ta iya hallaka jirgi kada yiwuwarta ta wuce sau ɗaya a sa'o'in tashi biliyan ɗaya. Ƙa'idar rubuta manhajar jirage, DO-178C, na buƙatar a iya bin sawun kowane sashe na manhaja zuwa buƙatar da ta haife shi, a kuma gwada shi. Duk wannan ya dogara ne ga cewa abin da aka gwada a ƙasa shi ne zai yi aiki a sama. Na'urar da ke sauya lambobinta a tsakiyar tafiya ta karya wannan zaton tun daga tushe.

Shi ya sa taswirar da hukumar FAA ta Amurka ta fitar a 2024 kan ƙirƙirarriyar basira ta raba abu biyu: tsarin da ya gama koyonsa kafin a saka shi a jirgi, da wanda ke ci gaba da koyo yana kan aiki. Na farkon ta sa a gaba.

Masu goyon bayan fasahar kan kawo misalin Boeing 737 MAX. A ranar 29 ga Oktoban 2018 jirgin Lion Air ya faɗa tekun Java da mutum 189. A ranar 10 ga Maris ɗin 2019 na Ethiopian Airlines ya faɗi kusa da Bishoftu minti shida bayan tashi daga Addis Ababa, da mutum 157, cikinsu har da 'yan Najeriya biyu, Farfesa Pius Adesanmi da Ambasada Abiodun Bashua. A duka biyun, wata manhaja mai suna MCAS ta yi ta danna hancin jirgi ƙasa saboda na'urar awo guda ɗaya tilo da ta dogara da ita ta ba ta labarin ƙarya. A jirgin Lion Air ta yi hakan fiye da sau 20, matuƙa na ɗagawa tana dannawa. MCAS ba ta koyon komai. Ƙa'ida ce kafaffiya da ba ta da hanyar gane cewa abin da take yi ba ya haifar da abin da aka yi tsammani. Hujjarsu ita ce tsarin da ke kwatanta halin jirgi da abin da lissafi ya hango zai iya lura da wannan saɓanin.

Hujjar na da ƙarfi, amma a ganina darasin MAX ya fi karkata ga ɗaya ɓangaren. MCAS abu ne mai sauƙi da za a iya bayyana aikinsa a shafi guda, kuma duk da haka ya zille wa masu tantancewa. An faɗaɗa ikonsa na motsa wutsiya daga digiri 0.6 zuwa 2.5 ana cikin ƙera jirgin, ba tare da wasu daga cikin jami'an FAA da abin ya shafa sun fahimci girman sauyin ba. An ɗauka matuƙa za su gane matsala cikin 'yan daƙiƙoƙi, alhali ba a ma sanar da su akwai manhajar ba. Hukumar da ta kasa kama wannan, ta yaya za ta tantance na'urar da halinta ke sauyawa? Sannan na'ura mai koyo da ke samun bayanin ƙarya, ƙaryar za ta koya, kuma da sauri. Gyaran da aka yi wa MAX kafin a sake shi a Nuwamban 2020 ma na rage iko ne: a kwatanta na'urorin awo biyu, a kashe MCAS idan sun saɓa da digiri 5.5, kuma kada ta fi ƙarfin hannun matuƙi.

Saboda haka hanyar da ta fi kama da mai ɓullewa ita ce irin ta NASA, wadda ƙungiyar tsara ƙa'idoji ta ASTM ta rubuta makamanciyarta a 2017 domin jirage marasa matuƙa. A bar na'ura mai wayo ta yi aiki, amma a ɗora mata mai gadi, wata ƙaramar manhaja mai sauƙi da za a iya tantancewa tsaf, wadda za ta ƙwace ragama ta miƙa wa tsohon tsari da zarar an doshi iyaka. Masu suka na cewa wannan zai kashe amfanin na'urar a daidai lokacin da aka fi buƙatarta, domin jirgin da ya rasa rabin fuffuke ya riga ya fita daga kowace iyaka, kuma tsohon tsarin ba shi da abin yi masa. Gaskiya ne, kuma har yanzu ba a samu gamsasshiyar amsa ba. Amma irin wannan hatsarin ba safai yake aukuwa ba, yayin da na'ura mai cikakken 'yanci za ta kasance a cikin kowane tashi na kowace rana.

Akwai kuma batun da ya shafi ƙasashen da ke sayen jirage ba su ƙerawa, irin Najeriya da Nijar da Ghana. Hukumominsu na dogara ne ƙwarai da tantancewar ƙasar da ta ƙera. Bayan hatsarin Habasha, China ce ta fara dakatar da MAX, ƙasashe suka bi sahu ciki har da Najeriya, FAA kuma ta zo kusan ƙarshe a ranar 13 ga Maris. Habasha ta aika na'urorin naɗar bayanan jirgin zuwa Faransa domin a karanta.

Airbus ya iya warware matsalarsa cikin kwanaki ne saboda jiragen da abin ya shafa manhaja iri ɗaya suke ɗauke da ita, kuma akwai tsohuwa da za a koma mata. Binciken jirgi ɗaya ya wadatar a kan dubbai. Idan kowane jirgi na sauya lambobinsa gwargwadon abin da ya gamu da shi, wanda ke zirga-zirga cikin ƙurar hunturu tsakanin Kano da Yamai zai iya bambanta da ɗan'uwansa da ke tashi cikin dusar ƙanƙara a Norway, ko da rana ɗaya suka bar masana'anta. Dole ne ko dai a riƙa goge abin da na'urar ta koya a duk sauka, ko a naɗe kowane sauyi da ta yi daƙiƙa bayan daƙiƙa, a cikin sigar da masu bincike irin na hukumar NSIB a Abuja za su iya karantawa da kansu ba sai sun jira kamfanin da ya ƙera ya fassara musu ba. Wannan sharaɗi ne da hukumomin Afirka za su iya gabatarwa a zauren hukumar sufurin sama ta duniya, ICAO, tun yanzu da ake kan rubuta ƙa'idojin.